Ciyar da zomo a kwanakin Sallah ba tare da an ɓata masa ciki ba

Zomayen da ake kiwo a gida sukan sha wuya a makon Sallah, kuma ba don an hana su abinci ba. Yawanci abincin ne yake yin yawa, ya kuma sauya a lokaci guda. Gida ya cika da baƙi, yara na yawo da cincin da alawa a aljihu, an yi girki ya saura, kowa yana so ya sa wa ɗan zomon nan wani abu a baki. Washegari sai a tarar da shi ya takure a kusurwar keji, ciki ya kumbura ko gindi ya ɓaci da zawo. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da zomo yake ci mako guda kafin Sallah shi zai ci ranar Sallah, gwargwado ɗaya, a lokacin da ya saba. Wahalar ita ce tsare wannan ƙa'ida a gidan da hidima ta yi yawa.

Me ya sa cikinsa ba ya ɗaukar sauyi

Zomo ba ya tuƙa kamar akuya, kuma ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye dole ya bi hanji har ƙarshe. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba yana da wata babbar jaka cike da ƙananan ƙwayoyin halitta, su ne suke narkar masa da ciyawa. Abin da suka sarrafa yana fitowa a matsayin wani kashi mai laushi, mai sheƙi, a dunƙule, zomon kuma yana sunkuyawa ya cinye shi kai tsaye daga dubura, galibi da dare ko da sassafe. Ta nan yake samun wani ɓangare na furotin da bitamin ɗinsa. Kashin da ake sharewa a ƙarƙashin keji, busasshe mai ƙwaya-ƙwaya, daban yake.

Waɗannan ƙwayoyin sun saba da ciyawa mai kaushi. Idan sitaci ko sukari ya kwararo musu da yawa, kamar shinkafa, masa, burodi, fura ko dabino, sai masu amfanin su ja baya, masu cutarwa su yawaita, musamman dangin da likitoci ke kira kilostiridiyom. Iska ta taru a ciki, guba ta shiga jini, ɗan zomon da aka yaye kwanan nan yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya. Babba ya fi juriya, amma shi ma hanjinsa yakan tsaya cik: ya daina ci, ya daina kashi.

Akwai kuma batun haƙori. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a mako, kuma taunar ciyawa ce ke goge su. Zomon da ya ƙoshi da abinci mai laushi ba zai waiwayi ciyawa ba.

Shiri yana farawa kwana goma kafin Sallah

A ƴan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne a lokacin da ya fi matsa wa mai kiwo a Maradi. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, babbar kuma a farkon Yuni, kuma kowace shekara suna jawowa baya da kwana 10 zuwa 11. Ke nan bazara ce: zafi ya haura digiri 40, harawar bara ta yi ƙaranci, masu kiwon ragunan layya sun ɗaga mata farashi. Wanda ya bari sai jajibere kafin ya nemi abincin zomayensa, abin da ya samu shi zai saya, kuma nan ne sauyin gaggawa yake shigowa. A tanadi abin da zai kai mako biyu tun da wuri, daga irin wanda suka saba.

Wajen sayen harawa, ta wake ko ta gujiya, a buɗe tsakiyar damin, kada a tsaya ga bayansa. Mai kyau tana da sauran kore, ganyenta bai zube ba, tana ƙanshin busasshen ganye. Idan aka ga ɗigo-ɗigon baƙi ko farin gari a jikin kara, ko aka ji warin ruɓa, a bar ta ko da arha ce. Funfunar da ke kama gujiya, masara da dusa tana fitar da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma zomo yana cikin dabbobin da ba sa jure ta ko kaɗan. Shanyawa a rana ba ta kashe wannan gubar. Idan an kawo gida a ɗora a kan katako ko bulo, a rufe da abin da ruwa ba ya ratsawa, don ruwan farko yana iya sauka dab da babbar Sallah ya jiƙa damin da aka bari a kan rufi.

Harawa kaɗai ta yi wa babban zomo ƙarfi. Tana da furotin da sinadarin kalsiyom da yawa, shi ya sa zomon da ke cin ta zalla fitsarinsa yakan yi kauri, ya bushe fari a ƙasan keji. A haɗa ta da busasshiyar ciyawa irin su kyasuwa, harkiya ko burburwa, kashi biyu ciyawa, kashi ɗaya harawa. Zomanya mai ciki ko mai shayarwa da ƴaƴan da ke tasowa ne ake ƙara wa harawa.

In dole ne a sauya wani abu, misali dusar alkama ta ƙare za a koma ta hatsi, a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10. Kwanaki biyu ko uku na farko kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sauran tsoho, sai rabi da rabi, sai kashi uku, sannan a koma gaba ɗaya. Idan Sallah ta rage ƙasa da mako guda, gara a rage dusar a ƙara ciyawa da a fara sabon abu.

Rabon yini ɗaya

A ɗauki babban zomo mai nauyin kilo 2, wanda ba ya da ciki kuma ba ya shayarwa. Busasshiyar ciyawa da harawa su ne jigon abincinsa, wajen kashi 80 cikin 100. A zuba masa tulin da ya kai girman jikinsa kowace rana, kuma kada wurin ya taɓa zama fayau, dare da rana. A rataye ta a jikin keji ko a sa a ɗan kwando, don wadda ya taka ya yi wa fitsari ba zai ci ba.

Ɗanyen ganye, cikin tafin hannu biyu a yini ya isa, rabi da safe rabi da yamma. Ganyen dankalin Hausa, ganyen karoti, salati mai kore sosai, ɗanyen ganyen wake da zogale duk suna yi, kuma gauraya iri biyu ko uku ta fi iri ɗaya. Shu, wato kabeji, yana tara iska, ganye ɗaya ƙarami ya wadatar. Alayyafo da yakuwa a ba da kaɗan, ba kullum ba. Ganyen da ake kawowa daga lambunan gefen gulbi, Jiratawa ko Tibiri, an shuka shi ne don kasuwa kuma ana yi masa feshi, saboda haka a wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu, a baza a inuwa ya tsane ya ɗan yi yaushi na wasu awoyi. Kada a bar shi a ƙulle cikin leda ya yi gumi ya ɗau zafi. Ganyen da ya fara tsami kumburi yake kawowa.

Dusa ko abincin zomo na kamfani, gram 25 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato gram 50 ga zomon namu. A auna sau ɗaya a sikeli, a zuba a gwangwani, a yi wa gwangwanin alama, shi ke nan an huta da kintace. Mai dama dusa da ruwa ya dama iya abin da za a cinye nan take, ya kwashe ragowar bayan awa ɗaya ko biyu, domin da zafin bazara jiƙaƙƙiyar dusa ba ta jimawa take tsami. Zomanya mai shayarwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na wannan, amma ita ma a hankali ake ƙara mata.

Ruwa kuwa, maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ta halaka zomaye da yawa. Yana shan mililita 50 zuwa 150 a kan kowane kilo a rana, da zafi ya fi haka, mai shayarwa kuma tana iya shanye lita guda. A sa masa a kasko mai nauyi da ba zai kifar ba, a sauya safe da yamma. Zomon da ya rasa ruwa yakan daina cin busasshen abinci, daga nan hanji ya tsaya.

Zomo ya fi ci da asuba, da magariba da kuma cikin dare. Ranar Sallah a ba shi rabonsa na safe kafin a fita idi, a cika ruwa, sannan a sake dubawa kafin magariba ko da an tafi kallon hawa ko yawon gaisuwa. A ɗora wannan aiki a wuyan mutum ɗaya da aka ambaci sunansa. In aka ce kowa ya lura, ko dai a ba shi sau huɗu ko a mance da shi gaba ɗaya.

Abin da ke fitowa daga madafi

Duk abin da ya shiga tukunya ko kaskon suya ba na zomo ba ne: shinkafa, taliya, tuwo, dambu, masa, fanke, cincin, dubulan, alkaki, nakiya, biskit da burodi. Haka fura da nono da madara. Nama, kitse, ƙashi da romo ba a ma maganarsu, cikinsa ba a yi shi don su ba. Salatin da aka riga aka haɗa da mai, gishiri, magi da albasa shi ma ya fita daga lissafi, kuma wanke shi ba ya mayar da shi ganye. In ana so zomo ya samu rabo, uwargida ta ware masa ganyen waje tun wajen gyara, kafin a zuba komai.

Wasu abubuwan guba ne kai tsaye. Albasa da tafarnuwa, har lawashi da ɓawonsu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jini. Goro, ganyen shayin da aka zubar bayan an dafa, kofi da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke tayar da bugun zuciya. Ɗanyen rogo da ɓawonsa suna fitar da gubar sayanid. Ɓawon dankalin turawa, musamman wanda ya yi kore ko ya tsiro, da ganyen tumatir da ɗanyen busasshen wake, duk a zubar da su inda zomo ba ya kaiwa. Wannan ya shafi gidajen da ake sakin zomaye a tsakar gida, domin kwandon shara na ranar Sallah ya ƙunshi kusan duk abin da aka lissafa.

Kayan marmari ba guba ba ne, sukarinsu ne matsala. Mangwaro, kankana, ayaba ko karoti, cokalin cin abinci ɗaya ga zomo mai kilo 2, sau biyu ko uku a mako, kuma ga wanda ya riga ya saba. Karoti ma cikin kayan zaƙi yake, ganyensa ya fi shi amfani. Dabino a bar shi gaba ɗaya. Ƴaƴan da ba su kai wata uku ba kada a ba su ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hana yara ba da abinci ba ya aiki, za su bayar a ɓoye. Abin da ke aiki shi ne a ware rabon ganyen yinin a kwano guda, a ajiye kusa da keji, a ce duk mai son ciyar da zomo ya ɗauka daga nan, in ya ƙare an gama sai gobe. Babban baƙo ma ana iya tare shi cikin ladabi: "Baba, ga nasa nan a kwano, cikinsa ba ya ɗaukar cincin." A kuma hana ɗaga zomo ta kunne. Yana iya harbawa da ƙafafun baya ya karya ƙashin bayansa. Ledar alawa, balan-balan da zaren ado da suka faɗi ƙasa a tsince su, zomo yana tauna su kuma suna toshe hanji.

Babbar Sallah tana da nata haɗarin

Bayan an yanka rago yakan bar ragowar abincinsa, sai a ga asara ce a zubar, a juye wa zomaye. Harawar da ta rage, in tana da tsabta, babu laifi. Amma haɗin ƙiba na dusa da ƙuli-ƙuli da kanwa da angurya an yi shi ne don tumbin rago. Ya yi wa zomo maiƙo da nauyi, ƙuli-ƙulin da ya daɗe yana iya ɗauke da funfuna, angurya kuma tana da sinadarin gosifol da ke cutar da dabbar da ba ta tuƙa. Abincin kaji na kamfani ma kada a ba zomo: wasu ana zuba musu maganin cutar hanjin kaji irin su monensin da narasin, waɗanda ke kashe zomo.

Wurin gashi shi ne abu na biyu. Inda aka kafa raguna a jikin itace aka kewaye wuta da su, zafi da hayaƙi sukan cika gida tun hantsi har dare. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, yana fara galabaita idan zafi ya wuce digiri 30, a 35 kuwa rayuwarsa tana cikin haɗari. Tun jajibere a matsar da kejin zuwa inuwa mai iska, nesa da wuta da hayaniya, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya na kejin, a daskarar da ruwa a robar lita ɗaya da rabi a naɗe da tsumma a sa masa ya jingina, ko a kife tsohon kasko da aka jiƙa. Zomon da zafi ya dame shi yakan rage ci da rana, saboda haka a mayar da mafi yawan abincinsa zuwa dare.

Sai ƙuda. Jini da kayan tumbi suna jawo manyan ƙudaje, su kuma suna yin ƙwai a gashin zomon da gindinsa ya jiƙe da zawo ko fitsari. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, tsutsa ta shiga fata. A binne kayan tumbi da wuri, a lulluɓe keji da tsohon gidan sauro, a riƙa ɗaga wutsiya ana dubawa safe da yamma. Idan za a yi feshin maganin ƙwari a gida, a fitar da zomaye da abincinsu da kaskon ruwansu tukuna.

Idan ruwan farko ya sauka, yara sukan yanko sabuwar ciyawa su cika keji. Zomon da ya yi watanni a kan busasshe, zawo zai yi. A fara da ɗan kaɗan, mai yaushi, a ƙara cikin mako biyu. A koya wa masu yankan su gane tumfafiya, zaƙami, zurma da bini da zugu su kauce musu, haka ɗanyen tsiron dawa da gyauronta, wanda ke da sayanid tun yana ƙarami. Ciyawar bakin kwalta da ta gefen bola a bar ta.

In za a yi Sallah a ƙauye

Ba a tara wa zomo dusar kwana uku a tafi. Zai cinye ta a yini ɗaya ya kwanta ciwo, ruwan kuma ya ƙare ko ya kife. A samu maƙwabci ko ɗan'uwa mai zuwa sau biyu a rana, a ƙulla masa rabon dusar kowace rana daban, a nuna masa ciyawar, a ajiye kasko biyu na ruwa. A gaya masa ƙarara cewa ban da abin da aka ajiye kada ya ƙara komai. Tafiya da zomo a mota ko babur da tsakar rana a wannan zafin ta fi barin sa a gida haɗari.

Alamomin matsala da abin yi

Kashi ne madubin cikin zomo. Lafiyayye yana zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, zagayayyu, kusan girma ɗaya, in an murtsuke ɗaya a ga ɓurɓushin ciyawa. A share ƙarƙashin keji kowace safiya a makon Sallah don a san na yau daga na jiya. Idan aka fara ganin kashin nan mai laushi a zube ba a ci ba, ko ya manne a gindi, dusa ko zaƙi ya yi yawa: a janye su na kwana biyu ko uku, a bar shi da ciyawa da ruwa. Idan ƙwayoyin sun ƙanƙance, sun yi ƙaranci, hanji ya fara tsayawa.

Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, a nemi likitan dabbobi a ranar, ba gobe ba. Da yake ofisoshi da shaguna sukan rufe, a karɓi lambar wayar likita ko ma'aikacin kiwo tun kafin Sallah. Kafin ya iso a taɓa cikin a hankali. In yana da laushi, a miƙa masa ganyen da ya fi so a jiƙe, a ba shi ruwa da sirinji marar allura, mililita 5 zuwa 10 a lokaci guda, ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, yana zaune a kan ƙafafunsa ba a rigingine ba, sannan a sake shi ya ɗan taka. In kuwa cikin ya kumbura ya yi tauri, zomon yana cizon haƙora, kunnuwansa sun yi sanyi, kada a ɗura masa komai kuma kada a matsa cikin, ana iya samun toshewa. A ajiye shi wuri mai shiru a gaggauta nemo likita.

Zawo mai ruwa-ruwa a ɗan zomo ma na gaggawa ne. Ba kullum abinci ke jawo shi ba, wata cutar hanji da ake kira koksidiya tana yawan kama ƴaƴan da aka yaye, kuma maganinta daban. A ware marar lafiyan, a wanke kejin, a cire ganye da dusa, amma kada a hana shi ciyawa da ruwa. Ba a sa zomo ya wuni da yunwa don cikinsa ya huta, yunwar ce ke ƙarasa tsayar da hanjin.

Babban kuskure a nan shi ne a buɗe kafson mutane a zuba masa a ruwa. Amoksisilin, amfisilin, linkomisin, kilindamisin da eritromisin, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ya mutu da zawo bayan ƴan kwanaki. Man gyaɗa, kanwa da jiƙon toka su ma ba magani ba ne. Wanda zafi ya buge kuwa, za a gan shi a miƙe yana haki, hanci a jiƙe, kunnuwa sun yi ja. A kai shi inuwa, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa, a yi masa fifita. Kada a tsoma shi cikin ruwa, kada kuma a yi amfani da ruwan ƙanƙara.

Zomon da aka saya da kuɗin barka da Sallah

Yara da yawa sukan haɗa kuɗin yawon Sallah su sayo zomo, kuma irin waɗannan ne suka fi saurin mutuwa, domin yaye, tafiya, sabon gida da sabon abinci duk sun haɗu musu a mako guda. Kada a sayi wanda bai kai mako 8 ba. A tambayi mai sayarwa abin da yake ba shi, a karɓo na mako guda daga irinsa. Kwanakin farko ciyawa, harawa, ruwa da ɗan abin da ya saba kawai. Ɗanyen ganye sai ya kai wata uku, a fara da iri ɗaya, ganye ɗaya ko biyu, a jira kwana guda a ga kashinsa kafin a ƙara. In akwai wasu zomaye a gidan, a ajiye sabon a keji daban na mako biyu, da kaskonsa na ruwa daban.